Yayana Ban-Yarda-Ba da Kajina Ɗari Huɗu

Yayana, wanda nake bi, shekara ashirin da uku ya yi yana aiki a gidan gonar kajin ƙwai, kuma a duk shekarun nan ban taɓa jin ya yabi safiya ɗaya ba. In ka gaishe shi ka ce ina kwana, sai ya ɗaga kai ya kalli sama tukuna, kamar mai neman aibu a jikin gajimare, sannan ya ce, "To, mun dai tashi." Dogo ne, siriri, mai tattararren goshi. Ko a hoton aurensa fuskar nan a murtuke take, sai ka rantse an tilasta masa zuwa wajen ne.

Abokan aikinsa su suka raɗa masa suna Ban-Yarda-Ba, don kalmar da ke bakinsa kenan. Bai yarda da sabon abincin kaji ba, bai yarda da ruwan tanki ba, bai yarda da direban da ke ɗaukar ƙwai ba. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma in ta fusata da shi take kiransa.

Amma mutumin nan yana da kunne, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Kullum da safe kafin ya buɗe ƙofar ɗakin kaji sai ya tsaya, ya cire hula, ya karkatar da kai gefen hagu, ya kai kunnen dama kusa da ragar waya, ya lumshe ido. Minti ɗaya, wani lokaci biyu. Kaji dubbai suna ta hayaniya a ciki, mu dai abin da muke ji kenan, hayaniya. Shi kuwa ko dai ya ja tsaki ya buɗe ƙofa, wato lafiya kenan, ko kuma ya mayar da hula ya ce, "Ban yarda da su ba yau."

In an tambaye shi me ya ji, ba ya iya faɗa. "Ni ma ban sani ba," in ji shi. "Jikina ne ya ba ni."

Da farko manajan gonar dariya yake yi masa. Ya taɓa kiran likitan dabbobi saboda maganar Yaya, likita ya zagaya ɗakin kaf bai ga komai ba, ya tafi yana mita an ɓata masa lokaci. Kwana uku tsakani kaji suka fara tari. Daga ranar, in Ban-Yarda-Ba ya mayar da hula bai buɗe ƙofa ba, manaja ba ya ko tambaya, waya kawai yake ɗagawa.

Ni ma ya taɓa yi mini. Shekara goma sha bakwai na yi a ɗakin wankin wani otal, can ƙasan bene inda babu taga ko ɗaya, daga tururi sai ƙaurin bilic, sinadarin nan da ake faranta kaya da shi. Wata rana na je gidansa ina ta zuba surutu, sai na ga ya daina kallon bakina. Ya karkatar da kai gefen hagu, ya lumshe ido.

"Auta," ya ce, "ban yarda da numfashinki ba."

Na ce, "Kai Yaya, ni kaza ce?"

Bai kula ni ba. Washegari ya zo ya tasa ni gaba har asibiti, ina tafe ina zaginsa a zuci. Likita ya sa abin aunawa a bayana, ya sa na hura iska cikin wani bututu, sannan ya ce tururin nan da bilic sun fara cin ƙirjina, in ina son numfashina in bar ɗakin wankin. Na bar shi. Shugabarmu ta wajen wanki ta raka ni har bakin matakala ta ce duk ranar da na gaji da zaman gida ƙofa a buɗe take. A raina na ce Allah ya tsare ni da wannan ƙofa taki.

A shekarar ne aka sayar da gidan gonar su Yaya, aka rushe ɗakunan kajin aka fara gina gidajen haya. Shi ba aiki, ni ba aiki, mijina ya daɗe da rasuwa. Sai na tattara duk abin da otal ya sallame ni da shi, ban rage komai ba, muka gina ɗakin kaji a filin bayan gidan Yaya. Bulo zuwa ƙugu, ragar waya zuwa sama, rufin kwano, ƙasa shimfiɗe da dusar katako. Muka zuba 'yan tsaki ɗari huɗu. Yarjejeniyarmu mai sauƙi ce: ni ce hannu, shi ne kunne. Kuma ni da shi duk mun sani, in kajin nan suka mutu ba ni da inda zan nufa sai matakalar nan ta ƙasan bene.

To, jin labarin Ban-Yarda-Ba daga nesa daban, zama da shi kullum daban. Kazar ƙwai sai ta yi kusan wata biyar tana ci ba ta ba ka komai ba. Wata biyar kenan ina tashi da fargaba, in je in tarar da wannan baki yana jirana. Bai yarda da buhun abincin da na sayo ba. Bai yarda da yadda na wanke mazubin ruwa ba. Bai yarda da takalmin maƙwabcinmu da ya leƙo ba. Kai, har ranar da kajin suka yi kyau, suka yi ɓul-ɓul, cewa ya yi ƙibar ta yi yawa. Wallahi akwai safiyar da na ji kamar in kife masa bokitin kashin kaji a ka.

Matar Yaya ce ta fara nuna mini wani mutum da ke magana a bidiyon waya. Ƙawayenta na kasuwa suka turo mata. Wani ne mai haƙora farare tas, da gemu gyararre, yana zaune gaban jerin littattafan da ko makaho ya san ba a taɓa buɗe su ba, ga wata fulawar roba a gefensa. Muryar nan tasa a sanyaye, kamar ta mai lallashin yaro ya sha magani. Ban san sana'arsa ba, amma in ka ga tafin hannunsa ka san bai taɓa ɗaga buhu ba.

Karatunsa guda ɗaya ne, yake ta jujjuya shi. Wai kowane mutum yana da zuciya biyu, ta fili da ta ɓoye. Ta ɓoyen ba ta barci, ba ta san wasa ba, ba ta kuma san gardama ba. Duk abin da bakinka ya furta ko ranka ya raya, ita umarni take ɗaukarsa, ta tafi ta aiwatar. In ka ce za ka yi nasara ta je ta nemo maka nasara. In ka ce abu zai lalace ta je ta lalata shi ta kawo maka. Saboda haka mai mummunan tunani shi yake kiran masifarsa da bakinsa.

Yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, amma gaskiya ita ce ni na fara haɗiye wannan shirme, ban ko tauna ba. Mai jin tsoro duk abin da aka miƙo masa karɓa yake yi.

Ana nan sai aka shiga wani mako na zafi. Ranar farko Yaya ya kalli rufin kwanon ya ce bai yarda da shi ba, sai mun rasa wasu. Muka jiƙa buhuna muka rataya, muka ƙara ruwa, duk da haka guda bakwai suka mutu. Ina tsugune ina tsince su, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa, "Ai na faɗa."

Nan na fashe.

"Ka faɗa mana! Kullum kai ne mai faɗa! Bakinka ne, Yaya. Kai kake kira musu mutuwa, tun suna tsaki kake kiranta, ga ta nan ta amsa. Sai ka ga na koma ɗakin wanki hankalinka zai kwanta?"

Matarsa tana bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, maimakon ta raba sai ta ƙara wa wutar itace. Ta ce, "Gaya masa dai, Auta. Ko Inna ma, ba sai da ya ce bai yarda da tafiyarta ba? Sati bai zagayo ba ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba kenan."

Inna mahaifiyarmu ce. Shekara shida da rasuwarta a lokacin, kuma Yaya ne ya yi jinyarta har ƙarshe. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗauki matattun kajin daga hannuna ya tafi ya binne. Da yamma na je shagon masu waya na sayo masa irin fararen igiyoyin nan da ake cusawa a kunne, na tura masa duk maganganun mai haƙoran cikin wayarsa, na ce ya riƙa saurara ko Allah zai sa ya shiryu. Da hannuna na sa masa su a kunne, don bai ma san yadda ake sawa ba.

Abin da na manta shi ne, Yaya ba ya yin abu rabi da rabi. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana ƙin yarda da komai da gaske, da ya tashi yarda sai ya yarda da gaske. Cikin wata guda gidan ya koma wani abu daban. Ya rubuta takardu ya manna a jikin madubi, a ƙofar banɗaki, har a jikin tankin ruwa: NI MAI NASARA NE. ALHERI YANA NEMANA. Yana tsayawa gaban madubi yana koyon murmushi. Dattijo mai furfura, yana yage baki shi kaɗai a ɗaki, fuskar ta ƙi ba shi haɗin kai, sai ka ce mai ciwon haƙori. In ya shiga ɗakin kaji kuwa har jawabi yake yi musu. "Ku masu lafiya ne. Ku masu albarka ne." Su kuma suna ta tsattsagar abincinsu, ko kallo bai ishe su ba.

Sai kuma robar. Mai haƙoran ya koya wa masu sauraronsa wata dabara: ka sa robar ɗaure takarda a wuyan hannu, duk sa'ad da mummunan tunani ya taso ka ja ta ka saki ta tsula maka, sannan ka faɗi kishiyar tunanin da ƙarfi. Wai da haka zuciyar ɓoye za ta gane ba a son irin wannan. Yaya ya samo wata ja mai kauri ya sa. Makon farko wuyan hannun nan har kumbura ya yi, don mutumin da tunaninsa duka baƙi ne ai ba hutu. Muna cin abinci sai ka ji tas! Muna hira sai ka ji tas! Ni da matarsa muna ƙunshe dariya.

Ba zan yi ƙarya ba, wasu abubuwan sun canza. Da ya fara amsa gaisuwa kamar mutum, mutanen layin suka fara tsayawa suna hira da shi. Mai shagon bakin titi da suka shekara goma ba sa ga maciji ya fara ajiye masa kujera. Ya ƙara cin abinci, kumatu suka ɗan fito. Matarsa ta ce rabon da ya yaba girkinta tun suna amarci, ga shi yanzu kullum sai ya yaba, ko da gishiri ya yi yawa. Ta ɗinka sabuwar riga saboda murna. Ni ma na samu sauƙi, na daina tashi da faɗuwar gaba. In na zo da safe sai in tarar da shi da farin abin nan a kunne, ya buɗe ƙofar ɗakin kaji kai tsaye yana murmushin nan nasa na dole. Tsayuwar bakin ƙofa ta ƙare, cire hula ya ƙare. Kuma ni, wawuya, na kalli wannan na ce an samu ci gaba.

Kajin suka fara ƙwai. Wayyo, ranar da na ɗauki na farko, ɗan ƙarami mai ɗumi, sai da na yi hawaye. Cikin sati uku ɗakin ya cika da kyarkyara, muna jera kiret kan kiret, masu shaguna suna aiko da saƙo. Matar Yaya ta ce, "Kin gani ko? Tunda ya gyara bakinsa." Na ce ƙwarai kuwa. Kamar kaza ba ta taɓa yin ƙwai a wata na biyar ba sai da wani mai gemu ya ba ta izini ta waya.

Ranar wata Talata aka wayi gari ba wuta, wayar Yaya ta mutu. Ya fito ba komai a kunnensa. Ina bayansa ɗauke da bokitin abinci. Ya kai hannu zai zare sakata sai na ga hannun ya tsaya. Kansa ya karkata gefen hagu, shi da kansa, kamar ba da saninsa ba. Idon ya lumshe. Hannu ɗaya har ya tafi wajen hula.

Sai na ji tas! Ya sake, tas! Ya sake na uku.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya juyo da murmushin nan. "Lafiya lau, Auta. Kajin nan suna cikin ƙoshin lafiya. Suna cikin ƙoshin lafiya." Sau biyu ya faɗa, da ƙarfi, ba ni yake gaya wa ba.

Na gani da idona. Na san wannan karkata kan tun ina budurwa, shi ya fitar da ni daga ƙasan bene. Amma na duba kajin na ga suna ci, suna sha, zankonsu jajir, ƙwai ga shi nan ko'ina. Kuma ba na son in ji. Sai na zuba abinci na kama tsintar ƙwai, har ina 'yar waƙata.

Laraba da Alhamis ya shiga ɗakin da abin kunnen a kunnuwa biyu, ya ƙure sauti har ina jiyo muryar mai haƙoran daga inda nake. Wuyan hannunsa ya koma ja kamar makon farko. Bai ci abincin rana ba. Matarsa ta tambaye shi ya ce yana cikin farin ciki ne kawai.

Ranar Juma'a ƙwai ya ragu, wasu ɓawonsu laushi kamar leda. Na ga kaji uku a lungu suna gyangyaɗi, fukafukai a zube. Da na tsaya shiru sai ni ma na ji, ni da ba ni da kunne: wani ɗan kakari ƙasa-ƙasa, nan da can, kamar ana jan ruwa da tsinke. Asabar da safe muka tarar da tara a mace.

Likitan dabbobi ya zo kafin azahar. Shi ne dai wanda ya san Yaya tun gidan gona. Ya buɗe bakin kaza biyu ya duba, ya yanka ɗaya ya duba cikinta, ya miƙe yana goge hannu. Ya ce ciwon numfashi ne, kuma ya riga ya zagaye ɗakin. Da a farkon mako aka kira shi, da an ware waɗanda suka fara, an sa magani a ruwa, da yawancinsu sun tsira. Sai ya juya ya kalli Yaya da mamaki.

"Ban-Yarda-Ba, kana gidan nan wannan ya faru? Kai da kake kirana tun kaji ba su san suna ciwo ba?"

Yaya ya ce, "Za su warke, likita. Mun sa a ranmu za su warke."

Likita ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa.

Mun ba da maganin, mun ware, mun fesa, mun yi duk abin da ya ce. Kwana goma ana abu ɗaya. Kullum da safe in shiga da buhu in fito da shi cike. Yaya ya haƙa rami a ƙarshen fili, muna zubawa muna barbaɗa farar ƙasa, ramin ya cika ya haƙa wani. Yana haƙa yana motsa baki, na matsa kusa na ji abin da yake cewa: alheri yana nemana, alheri yana nemana. Ga warin mushe har layi na biyu, maƙwabta sun rufe tagogi. Cikin ɗari huɗu, ashirin da shida suka rage, su ma sun daina ƙwai.

Ranar da muka rufe rami na ƙarshe na tsare shi a wajen, shebur na hannunsa.

"Yaya, tsakaninka da Allah, yaushe ka ji?"

Ya kafa shebur ɗin a ƙasa. Sannan ya ce, "Talata."

"Me ka ji?"

"Ban sani ba. Jikina ne ya ba ni."

"To me ya hana ka faɗa? Bakinka ciwo yake yi? Kalma uku, Yaya! Kalma ukun da ka shekara ashirin da uku kana damun duniya da su!"

Ya ce, "In na faɗa ai ni na kashe su. Ke kika ce bakina ne." Ba da faɗa ya yi maganar ba, a hankali ya yi ta, kamar mai tuna mini inda na ajiye makulli.

Da a nan ya tsaya da na rungumi laifina na yi shiru, don nawa ne. Amma sai ya ci gaba, kuma abin da ya faɗa shi ya sa har yau in na kalle shi nake jin wani abu mai ɗaci yana taso mini.

"Na yi ta tunani, Auta. Kuskurena ranar Talatar nan ne. Na bar tunanin ya shiga kafin in ja robar. Da na ja ta da wuri, da zuciyar ɓoye ba ta ɗauka ba. Sakan biyu kawai na makara."

Jama'a, ku ji fa. Mutumin da Allah ya ba abin da likita mai takardu ba shi da shi. Shekara ashirin da uku kunnensa yana tara sautin kaji, lafiyayyu da marasa lafiya, yana ajiyewa a wani wuri can ciki inda shi kansa bai san da shi ba, ranar da ake bukata wurin ya buga masa ƙararrawa. In akwai wata zuciyar ɓoye a duniya ai ita kenan, kuma ta yi aikinta, ta gaya masa gaskiya tun Talata. Shi kuma ya tsula mata roba sau uku ya ce ta yi shiru, saboda wani mai fulawar roba da bai san ta ina kaza take numfashi ba ya ce masa haka ake yi. Yanzu kuma yana tsaye kan kabarin kajina yana nadamar bai tsula da wuri ba.

Na fizge igiyar abin kunnen daga wuyansa na tsinka ta gida uku na jefa a ramin. Ko gezau bai yi ba. Ya riga ya haddace karatun, ba ya bukatar waya kuma.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na zauna da shi na ba shi haƙuri. Na ce maganar da na faɗa ranar zafin nan ƙarya ce, tsoro ne ya sa ni. Na ce Inna ciwonta ne ya kashe ta, shi dai ya riga kowa gani ne. Na sa matarsa ma ta janye tata maganar, ta janye tana tura baki, don ita har yanzu ta fi son mijin nan mai yabon girki. Ya saurare mu da murmushi har muka gama, sannan ya ce ya yafe mana, riƙe abu a rai yana toshe hanyar alheri. Da ya zage ni da ya fi mini daɗi.

Kaji ashirin da shidan na bar wa matarsa. Na kira shugabarmu ta wajen wanki, ta ce ai ta faɗa mini ƙofa a buɗe take, in zo ranar Litinin.

Yau wata huɗu kenan da komawata. Matakalar tana nan yadda na bar ta, goma sha tara zuwa ƙasa, tururin yana tarar ka tun a ta goma. Sun canza injin matsa zanin gado, bilic ɗin dai shi ne. Saukar ba ta dame ni. Hawan ne, in an tashi, sai na tsaya sau biyu ina riƙe da ƙarfe.

Makon jiya na kwana gidan Yaya saboda ya fi kusa da inda nake hawa mota. Da safe ya ce zai raka ni. Daga gidan zuwa bakin titi akwai 'yar gangara da ake hawa, ba wata mai tsawo ba. Yana ta gaisawa da mutane hagu da dama, mai shago yana ɗaga masa hannu, kowa yana cewa Yaya an canza, Yaya an zama mutumin kirki. Ni ina bayansa da jakata, ina ƙoƙarin kada a ji ni.

Muka isa muka tsaya jiran mota. Na sunkuya ina mayar da numfashi. Da na ɗago sai na ga ba titi yake kallo ba. Kansa ya karkata gefen hagu, kunnen dama yana wajena, idon a lumshe. Murmushin ya ɓace, goshin nan ya tattare kamar da. Yayana ne sak, wanda na sani, rabona da ganinsa tun ranar Talatar nan.

Gabana ya faɗi, amma wallahi har da murna a ciki. Na kama hannun rigarsa.

"Yaya, me ka ji?"

Ya buɗe ido. Leɓensa ya motsa.

"Faɗa mini. Don girman Allah ka ce ba ka yarda ba. Ba zan yi fushi ba, ko asibiti ka ce mu tafi yanzu sai in bi ka."

Na ga hannunsa na dama ya tafi wuyan na hagu. Na kai hannu in riƙe, ya riga ni.

Tas!

"Ƙirjinki lafiya lau, Auta," ya ce da ƙarfi, har mai jiran mota kusa da mu ya waigo. "Lafiya lau yake. Yau ranar nasara ce."

Mota ta zo, kwandasta yana buga ƙofa yana cewa a yi sauri. Na shiga na samu wuri jikin taga. Da muka ɗaga na leƙa baya. Yana nan tsaye inda na bar shi, bai ɗaga mini hannu ba, yana ta jan robar yana saki, yana ja yana saki, har muka sha kwana.